Uwa da 'Ya a Ingila, Inda Babu Goggo Babu Kaka

A gida, yarinya ba ta uwa ɗaya ba ce. Ranar da ta fara al'ada, goggo ce ko kaka za ta ja ta ɗaki ta yi mata bayani. Idan ta saɓa da uwarta, gidan maƙwabta za ta je ta huce. 'Yar fari kuwa, wata uwar ko sunanta ba ta faɗa, balle su zauna hira, kuma ba wanda ke ganin laifinta tunda akwai masu yi a madadinta. Wannan tsarin ne ke watsewa ranar da aka sauka a Landan ko Manchester. Gida ɗaki biyu, maƙwabci ba ya wuce gaisuwar baki, maigida yana aikin dare ko kuma takardunsa ba su fito ba. Alkunyar da take ado a Kano ko Damagaram, a nan takan bar yarinya ba ta da abokin magana sai waya.

Ga shi kuma zaman ya zo da rashin tabbas. Tun Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a watan Maris na shekarar aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi, sannan a Yulin 2025 aka rufe ɗauko su daga waje. Wadda kamfaninta ya rasa lasisin ɗaukar baƙi, yawanci kwana 60 ake ba ta ta nemi wani. A Mayun 2025 gwamnati ta kawo shawarar mayar da jiran takardar zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Kafin nan, a bazarar 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport, an kai wa masallatai da masaukan 'yan gudun hijira hari, mata da yawa masu hijabi suka kwana biyu ba sa fita. Duk wannan yara suna jinsa, ko daga bakinmu ko ta TikTok.

Kuskure biyu muke yawan yi. Na farko ɓoyewa: uwa ta fito da jajayen idanu, a tambaye ta, ta ce ba komai. Yarinya ta san akwai komai, sai ta cike gurbin da abin da ya fi gaskiyar muni, wani lokaci ma ta ɗauka ita ce sanadi. Na biyu ya fi illa, shi ne juye mata kayan gaba ɗaya. Don Turancinta ya fi naki, ita ke karanta wasiƙar ma'aikatar cikin gida, ita ke yin tafinta a asibiti, ita ke jin bashin da ake binki. 'Yar shekara 12 ba za ta ce ta gaji ba. Za ki dai ga ciwon ciki da safe, barci ya ƙi, ko ta koma shiru-shiru har a riƙa yabonta da hankali.

Abin da ya fi dacewa, ki faɗa mata abu uku a taƙaice: abin da ke faruwa, abin da manya ke yi a kai, da abin da ba zai canza ba a wannan makon. "An samu matsala a wurin aikina, ina neman wani, na yi magana da lauya. Makarantarki tana nan, gidan nan muke kwana." Kada ki yi alkawarin da ba a hannunki yake ba. Wasiƙu kuma ki kai wa manya. Ofishin Citizens Advice, mai ba jama'a shawara, kyauta ne, kuma ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a dokar ƙasar, don haka ki guji masu cewa sun san hanya a zaurukan WhatsApp. A asibiti kina da damar neman tafinta ba da ko kwabo ba. Ki faɗa tun lokacin da kike karɓar rana, ki ce Hausa kike so.

Yaushe za a yi hirar? Lokacin kitso ya fi kowane. Tana zaune a gabanki, ba ido cikin ido, hannunki yana kanta, ga awa ɗaya ko biyu ba inda za ta. Nauyin da ke tsakanin uwa da 'ya yakan ragu a wannan zama. A ajiye waya, taki da tata. Kada ki ce "lafiya dai?", domin amsar "lafiya lau" ce. Ki tambaye ta da wa ta ci abincin rana, wace malama ce ba ta son darasinta, me aka ce a aji ranar da aka yi maganar baƙi a labarai. Idan ta fara magana, ki bar ta ta kai aya. Nan ne yawancinmu ke ɓata abin: tana cikin faɗa sai mu tare ta da faɗa, ko mu rufe zancen da "ki yi haƙuri". Haƙuri abu ne mai girma, amma idan ya riga saurare zuwa, abin da yarinya ke ji shi ne "yi shiru". Kuma don Allah a daina cewa "zan mayar da ke gida". Ƙasarta kike mayarwa kurkuku a idonta, kuma daga ranar ta koyi ɓoye miki. Duka ma a kiyaye: haramun ne gaba ɗaya a Scotland tun 2020, a Wales tun 2022, a Ingila kuma wanda ya bar tabo yana iya kai mutum gaban hukuma.

Idan ta zo da ƙarar an zage ta kan launin fata, an ja mata hijabi, ko an ce kitsonta ya saɓa wa dokar makaranta, ki fara da gaskata ta. Sannan ki rubuta rana, lokaci, wuri da waɗanda suka gani, ki aika wa malamin da ke kula da ajinsu ta imel, saboda maganar bakin ƙofa ba ta barin shaida. Kowace makaranta tana da tsarin ƙorafi a rubuce, ki nemi a ba ki. Dokar daidaito ta 2010 ta hana wariya kan launi da addini, kuma a 2022 hukumar daidaito ta gargaɗi makarantu kan hukunta yara saboda gashinsu ko kitsonsu. Akwai wani abu mai ciwo da ya kamata kowace uwa ta sani: sau da yawa ana yi wa yarinya baƙar fata kallon babba. A 2020 'yan sanda sun tuɓe wata 'yar shekara 15 a makarantarta a unguwar Hackney da ke Landan, tana cikin al'ada, babu wani babba nata a ɗakin, ba su kuma samu komai ba. Binciken da ya fito a 2022 ya ce da alama wariyar launi ta taka rawa. Ki koya wa 'yarki jimla ɗaya har ta haddace: "Ina so a kira mahaifiyata kafin a yi komai."

Ke fa? A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, kuma fatarmu ba ta samun isasshen sinadarin bitamin D a wannan ƙasa. Hukumar lafiya ta NHS ta ba masu duhun fata shawarar shan maikurogiram 10 kullum, rani da damina. Gajiyar da ta ƙi ƙarewa tana iya zama ƙarancin jini, a je a gwada. Idan kuwa ƙunci, kuka ko rashin barci sun haura mako biyu, ki ga likitan unguwa. Yin rajista da shi kyauta ne, ba a kuma tambayar takardar zama. Ana ma iya neman masu ba da shawara na NHS kai tsaye ta intanet. Addu'a da ganin likita ba sa karo. Mai ciki ko mai jego ta fi kowa bukatar nacewa, domin rahoton MBRRACE, masu bin diddigin mutuwar masu ciki da masu jego, na shekarun 2018 zuwa 2020 ya nuna mutuwar mata baƙaƙe a wannan hali ta kusa ninka ta farare sau huɗu. Idan kin ji jikinki ba daidai ba, ki maimaita, ki ce a rubuta a fayil.

Abin da ke hana mata da yawa magana shi ne tsoron a ƙwace musu yara. Neman taimako ba ya cikin dalilan. Raba yaro da gida mataki ne na ƙarshe da ke bukatar kotu, in ban da na gaggawa na 'yan sanda wanda ba ya wuce awa 72. Ko bizarki ta hana ki tallafin gwamnati, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma taimakon yaron da ke cikin bukata, kuma tun 2022 irin waɗannan yara na iya samun abincin makaranta kyauta idan kuɗin shigar gidan bai wuce iyaka ba.

Goggon da aka baro a gida, dole a naɗa wata a nan. Ki zaɓi mata biyu daga masallaci, coci ko 'yan adashinku, amma da yardar yarinyar, kuma masu riƙon sirri, ba waɗanda zance zai isa Kaduna kafin magariba ba. Ki faɗa mata a gabansu cewa abin da take jin nauyin gaya miki tana iya kai musu, ba za ki yi fushi ba. Ki ba makaranta sunayensu a matsayin masu ɗaukarta idan aiki ya riƙe ki, ɗayarsu ta ajiye kwafin fasfo da takardar haihuwa. A jikin firij kuma a manna lambobinsu, tare da 0800 1111 ta Childline, layin taimakon yara, don yarinyar, 116 123 ta Samaritans, masu sauraren wanda ke cikin ƙunci, don ke, da 999 idan abu ya kai ga rai.