Kafin ka soka ampili a wuta, durƙusa ka karanta bayansa

Duk yaron da ya fara koyon bas, wato gita mai kaurin murya, a Yamai tambayarsa guda ce: wacce zan saya? Fender ko Ibanez, mai tsirkiya huɗu ko mai biyar? Da wuya ka ji wanda ya tambayi ampili, na'urar da ke ƙara sauti, balle baf, wato akwatin lasifika, balle wutar da za a soka su. Ni ma da haka na fara, kuma yawancin asarar da na tafka a sana'ar nan ba daga bas ta zo ba. Daga bayan ampili ta zo, wurin nan da ake rubuta ƴan lambobi ƙanana waɗanda ba mai durƙusawa ya karanta. Shi ya sa, ƙannena, nake so mu fara daga can.

Kuɗin da na fara tarawa duka a kan bas mai sheƙi na zuba su, ban bar na ampili ba. Sai na riƙa aron ampilin gita wajen wani abokin kiɗa. A cikin ɗaki lafiya lau. Ranar da muka fita biki, mai ganguna na fara duka na daina jin kaina, na yi ta ƙara murya har lasifikar ta soma kakari, kafin a tashi takardarta ta yage. Kayan aro ne, ni na biya. Daga baya na fahimci dalili. Tsirkiyar Mi, wadda ta fi kauri, ta bas sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa, ta gita kuwa sau 82. Idan bas mai biyar ce, Si ɗinta tana sauka har wajen 31. Sauti mai kauri haka sai lasifika ta yi ta kai da komo mai nisa tana tura iska da yawa, ita kuwa ta gita ba don wannan aka ƙera ta ba, akwatinta ma galibi bayansa a buɗe yake, babu abin da ke tare ta.

Saboda haka mai gita zai iya cika wuri da wat 50, kai kuwa idan za ka tsaya kusa da ganguna sai ka nemi 200 ko 300. Ba banza ba kamfanin Ampeg ya fitar da SVT a 1969 da wat 300, ana haɗa shi da baf mai lasifika takwas ƴan inci goma. Mu kuma namu ya fi nasu wuya, don yawancin wasanninmu a fili ake yin su, kan titi ƙarƙashin rumfa ko a tsakar gida, babu bangon da zai maido maka da kaurin sautinka. Kada lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta ruɗe ka. Wadda aka rubuta RMS a gefenta ita ce ta gaskiya, wadda ke da PMPO ta talla ce kawai. Sannan ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji kaɗan. Sau da yawa ƙarin baf ya fi ƙarin wat amfani.

To a wajen ƙarin baf ɗin nan na sake faɗawa rami. A bayan kowane ampili akwai inda aka rubuta mafi ƙarancin om (ma'aunin yadda baf ke tare wuta) da yake ɗauka, yawanci 4. Idan ka jona baf biyu ta ramuka biyun da ke bayansa, om ɗin raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba: 8 da 8 su ba ka 4, wannan daidai ne, 4 da 4 su ba ka 2, wannan kuwa ya fi ƙarfin ampilin. Ni ina da baf mai 4, na samu wani mai 4 a wurin wasa, na ce bari in haɗa sauti ya ƙara cika. Ya cika kuwa, har na ji daɗi. Can sai ampilin ya ɗauke, ya huce ya dawo, ya sake ɗaukewa. Gargaɗi yake yi mini, ni kuma na ɗauka waya ce ke motsi. Daga ƙarshe ƙauri ya tashi. Mai gyara da ya buɗe shi bai tambaye ni komai ba sai baf nawa na jona. Kuma wayar da ke tsakanin ampili da baf daban take da wadda ke tsakanin bas da ampili, ko da bakinsu iri ɗaya ne. Ta bas siririya ce a ciki, an naɗe ta da raga don ta tsare tsuwa, ba ta iya ɗaukar ƙarfin da ke zuwa baf. Ka sa musu alama da salatif mai launi. Idan kuma Allah ya hore maka ampili mai fitilu a ciki, kada ka taɓa kunna shi babu baf a jone.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce ta fi damuna, don a nan ba kaya kawai ake asara ba. Wutar Nijar bolt 220 ce, ta Amurka 110 zuwa 120. Kayan kiɗa na hannu da yawa daga can suke fitowa. Wasu suna da ɗan maɓalli a baya da ake turawa daga 115 zuwa 230, wasu babu, sai da taransifo. Na taɓa sayen wani ampili mai kyau a hannun wani, zumuɗi ya hana ni juya shi, ina isa gida na soka. Ko tsirkiya ɗaya ban taɓa ba ya tafi. Duba wannan rubutu ba ya cin minti guda.

Wasan biki kuma rabinsa a kan gurup, wato injin wuta, ake yi, ga fitilu, ga firiza, ga sono duk a kansa. Duk lokacin da firiza ta tashi wutar ta yi ƙasa, ta tsaya ta yi sama. Mafi haɗari shi ne lokacin da aka ɗauke wuta za a koma gurup, ko ta dawo za a bar shi. Da ka ga an yi duhu, hannunka ya fara zuwa kan maɓallin ampili kafin ka lalubi tocilar wayarka, kuma kada ka kunna sai gurup ya daidaita muryarsa. A ka'ida ampili shi ake kunnawa a ƙarshe, shi ake fara kashewa. Ka sayi regilatar da ƙarfinta ya zarce na ampilinka sosai, ka riƙa ɗaukarta duk da nauyinta. Na san wahalar ɗora ta a kan kabu-kabu, amma ta fi sauƙi a kan zaman jiran mai gyara alhali ka karɓi kuɗin wasan Asabar.

Abin da har yau nake jin tsoronsa idan na tuna shi ne ƙafa ta uku ta fulogi, wadda ke kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace a ciki. Ramin bango bai karɓe ta ba, sai na karya ta, kamar yadda na ga wasu na yi. Wani dare a damina, ƙasa da laima, hannuna na kan tsirkiya na matsa bakina ga makirufo zan yi amshi, sai na ji an fizge ni har haƙorana suka haɗu. Allah ya yi da sauran kwana. Tsirkiyar bas a jone take da jikin ampili, don haka duk wutar da ta zurara can ta jikinka za ta nemi hanya. Wannan ya kashe mutane: a 1972 wani mai gita ɗan Sikotilan, Les Harvey, a kan dandamali ya rasu a garin Swansea bayan ya taɓa makirufo mai wuta. Don Allah kada ka karya wannan ƙafa, kada ka yi wasa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan tsuwa ce ta dame ka, ka nemi ɗan akwatin nan da ake kira DI. Shi ke kai sautinka ga tebirin mai sono kai tsaye, kuma yana da maɓallin yanke tsuwa ba tare da ka taɓa wayar wuta ba. A manyan wurare irin cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda (CCOG) ko Palais des Congrès da shi za ka fi amfana, don sono ne zai ɗauki nauyin jama'a, ampilinka ya zama naka na ji kawai.

Ita bas ɗin, ba na cewa a raina ta. Amma mai sauƙin kuɗi da wuyanta ke miƙe ta fi mai tsada da ya lanƙwashe. Iskarmu ce ke wahalar da itace: hunturu ya busar da shi har bakin ƙarafunan wuya su fito suna kartar hannu, damina ta kumbura shi. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da makulli, kwata ɗaya na zagaye ya isa, sai ka bari ya kwana ka gani. Idan za ku Tawa, ko gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu ko biki, doguwar hanyar nan ta Dosso da Dogonduci da Ƙonni, kada ka yarda a ɗaure ta a saman mota a zafin Afirilu. Ka riƙe ta kusa da kai. Ka share tsirkiya bayan wasa, ka hure ƙurar fankar ampili, in bas ɗinka mai pil ce ka zare waya idan ka gama, don muddin tana soke pil ɗin bolt 9 na ci. Kuma in za ka sayi ampili na hannu, kada gwajin minti biyar ya ishe ka. Ka dubi ƙungiya irin Tal National da ke kwashe sa'o'i tana wasa a dare guda. Irin wannan zama za a nema daga kayanka, ciwon ampili kuwa sai ya yi zafi yake bayyana.

Saura kunne. Shekaru na yi baf yana ƙasa yana buga mini ƙafafu, ni kuma ina ƙara murya don in ji, ga faifan ƙarfen mai ganguna dab da kaina. Yau kunnena na wannan gefe yana da ƙara da ba ta tsayawa, ko da dare, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Masana sun ƙayyade desibel 85 na sa'a takwas, duk ƙarin 3 kuma lokacin ya ragu da rabi, har a 100 ya koma minti 15. Dandamalin biki kuwa yakan kai haka. Ka ɗora baf a kan kujera ko ka karkata shi ya fuskanci kanka, za ka ji kanka ba tare da ƙari ba. Abin toshe kunne ana samunsa a famasi da kuɗi kaɗan. Da farko za ka ji kamar an rufe ka a ɗaki, amma kaurin bas yana ratsa shi fiye da sauran sautuka, sai ka ga ka fi jin abin da yatsunka ke yi.