Injin wanki ya ƙi zubar da ruwa, kowa sai ya ce famfo ne

"Oga injina ya tsaya da ruwa cike a ciki, ƙofa ta ƙi buɗuwa, kuma kayan yara ne a ciki." Wannan maganar na ji ta har na haddace, kuma kafin in buɗe baki mai injin ya riga ya yanke hukunci wai famfo ne ya mutu, wato ɗan injin da ke tura ruwa waje, in taho da sabo. Ƙaramin shago gare ni, ni da yara biyu, gyaran injin wanki muke yi musamman irin mai wanki da busarwa a haɗe ɗin nan, kuma maganar gaskiya famfon nan shi aka fi ɗora wa laifi alhali sau da yawa lafiyarsa lau, hanya aka toshe masa.

Abu na farko da nake tambaya tun a waya, me injin ya rubuta a fuskarsa? LG zai nuna OE, Samsung 5C ko 5E, Bosch kuma E18. To amma fa lambar nan ce maka kawai take yi ruwa bai fita ba a lokacin da aka ɗiba masa, ba ta faɗi dalili. Ƙofa ta ƙi buɗuwa, injin ya ƙi matse kaya, duk wannan ba wata matsala ba ce daban, haka aka yi shi, muddin yana jin ruwa a cikinsa ba zai saki ba. In na je sai in sa shi a kan zubar da ruwa in kasa kunne. In yana gurnani ruwa ba ya tafiya to wani abu ya maƙale, in yana kar-kar-kar akwai abin da farfela, wato fiffiken da ke juyawa cikin famfon, ke duka, in kuma shiru kake ji nan ne zan fara tunanin waya ko famfon kansa.

Sai filta. A cire fulogi daga soket tukuna, wannan ba na wasa da shi, ruwa da wuta ne. A ƙasan injin ta gaba akwai wani ɗan murfi, in ka buɗe za ka ga filtar mai kama da babban marfin kwalba, yawanci da ɗan siririn tiyo a gefe, ta wannan tiyon ake tsiyaye ruwan a hankali cikin faranti mai faɗi, ka cika ka juye ka cika ka juye, da tsumma a kusa. In wankin ruwan zafi aka yi ka bari ya huce. Ƙaramin yarona ranar farko da ya bi ni aiki bai jira ba ya murɗe filtar gaba ɗaya, kafin ka ce me ruwa ya malale ɗakin, ranar mun fi ɗaukar lokaci wajen gugar ƙasa a kan gyaran. Abin da muke zarowa kuwa ba a magana, sulalla, maɓalli, fin ɗin gashi, ƙarfen rigar nono, safar jariri ta dunƙule ta yi baƙi ƙirin tana wari. Bayan nan ka haska toci cikin ramin ka juya farfelar da yatsa, za ka ji tana tafiya tana ɗan cijewa kamar tana tsalle, wannan ba lalacewa ba ce maganaɗisu ne a ciki. Wadda ke lilo sakaka ko fiffikenta ya karye ita ce ta tafi.

In filta fes take sai mu koma baya. Tiyon fitar da ruwa yana lanƙwashewa in aka tura injin ya manne da bango. Tsayinsa ma da ƙa'ida, yawancin kamfanoni tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa suke cewa, in ya yi sama da yawa famfo ya sha wahala, in ya kwanta ƙasa kuma ruwa ya riƙa zurarewa da kansa injin na ɗiba yana zubarwa. Ni dai gwajina mai sauƙi ne, in zare tiyon in sa a bokiti, in ruwa ya feso da ƙarfi to injin ba ruwansa, bututun gidan ne ya toshe, mai gyaran famfon gida za a kira ba ni ba.

Inda irin mai busarwan nan ke rikita mutane shi ne wajen busarwa. Wata Hajiya ta kira ni wai kaya na fitowa da zafi amma a jiƙe, har an canja mata hita abin bai canja ba. Na ce "Hajiya bari mu duba hanyar ruwa tukuna", ta dube ni ta ce "Malam ni fa busarwa na ce maka, wanki lafiya yake yi." Abin da ba a sani ba, yawancin irin wannan injin ba ya fitar da tururi waje, iska mai zafi ce ke zagayawa ta kwaso laima daga kaya ta bi ta wani bututu a bayan gangar da ake zuba kaya, a nan ake ɗan tsiyayo ruwan sanyi tururin ya koma ruwa, sannan famfon nan dai guda ɗaya ya fitar da shi. Kenan ko lokacin busarwa famfo na aiki. Kuma duk zare-zaren da ke fita daga kaya ta nan suke bi. Da muka cire baƙin tiyon da ke tsakanin ganga da famfo, abin da ya fito kamar jiƙaƙƙen bargo, ruwa na ɗan ratsawa ya isa wanki ya wuce da ƙyar amma ƙasan gangar kullum da ruwa kwance, ta ina kaya za su bushe? Muka wanke bututun bayan ma, aka gwada da tawul huɗu suka fito a bushe.

Ni ma dai na taɓa cin tawa. Farkon buɗe shagon nan na canja wa wani famfo sabo dal, na kunna, lambar ta sake fitowa, ga ganga wayam babu ko ɗigon ruwa. Ashe ɗan siririn tiyon da ke zuwa sensar auna ruwa ne ya toshe da dattin sabulu, iska ta maƙale a ciki, injin na ganin har yanzu cike yake. Cire tiyon kawai na yi daga jikin sensar na hura ta wajen ganga, na ji fus ya buɗe, na wanke shi shikenan. Dole na mayar masa da tsohon famfonsa na dawo da sabon shago, kunya kamar in nutse. Yawan sabulu ma na kawo irin wannan, kumfa ta cika famfo yana ta juya iska.

Famfo yana mutuwa fa, ban ce ba ya mutuwa ba. In na zo kansa mitar gwajin wuta nake sawa, irin na wuta 220 in lafiyayye ne yakan nuna wajen ohm 150 zuwa 250, in mita ta ƙi motsi waya ta ƙone a ciki. Wani kuma sai ya yi zafi yake tsayawa, ya zubar da ruwan farko lafiya ya ƙi na ƙarshe, irin wannan sai ka zauna ka jira wankin ya kai ƙarshe kafin ka kama shi, shi ya sa in kwastoma ya ga na ja kujera na zauna gaban injin ina kallonsa ba hutawa nake ba.