Kuɗin talabijin ne ya rusa Pac-12

Pac-12, Big Ten da SEC ƙungiyoyi ne na gasar wasannin jami'o'in Amurka. A 2024 jami'o'in USC, UCLA, Oregon da Washington suka bar Pac-12 suka koma Big Ten, Texas da Oklahoma kuma suka bar wata ƙungiyar suka shiga SEC. Wasu jami'o'in ma suka fice daga Pac-12, aka bar ta da makarantu 2 kacal. Ba wani abu ya jawo ba sai kuɗi: kwantiragin talabijin na Big Ten ya kai kusan dala biliyan 7 cikin shekara 7.

Yanzu ido na kan jami'o'in Florida State da Clemson. Sun miƙa wa ACC, ƙungiyar gasar da suke ciki, haƙƙin nuna wasanninsu har 2036, shi ya sa suka garzaya kotu don neman hanyar ficewa. Bayan sulhun 2025, kuɗin ficewa zai riƙa raguwa har ya sauko dala miliyan 75 wajen 2030. A ganina lokacin za su motsa.

'Yan ƙwallon raga dai na shan wuya da wannan sauyi, daga Kalifoniya har jami'ar Rutgers da ke can gabashin Amurka a jirgi, ga karatu.