Kayan sallar ɗiyar yayata

Yau muna tsakar gida ana ta suyar cincin da dubulan na sallah, sai ɗiyar yayata ta zo ta tsaya kusa da murhu, ta miƙa hannu cikin tire kuma ta janye da kanta, ta ce "Inna, wannan ma da alkama ko?" Wallahi sai da zuciyata ta karye, yarinya ƙarama haka ta riga ta san abin da ke cutar da ita. Cutar siliyak gareta, gulutan, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke lalata mata ƙaramin hanji, kuma likita ya ce ba wani magani sai ƙaurace mishi ko da ɗan kaɗan ne, to alkaki, fanke, gato, biskit duk ba nata ba.

Nan take na aika babbar kasuwa aka sayo min riɗi da gyaɗa da dabino, na yi mata kantu da tuwon madara, ga nakiya ta shinkafa, amma tukunya daban, ludayi daban, shinkafar ma a turmi muka daka don injin unguwa har alkama yake niƙawa. Ku ga murna, ta cika leda tana lissafa ƙawayen da za ta ɗanɗana ma. Yanzu tunanina yawon sallah ne, dole in bi gidajen maƙwabta in roƙe su su ajiye mata dabino ko kantu maimakon cincin.