Daga Garwa zuwa Marwa don neman wa tsohuwar Fijo murya

Duk ɗan riwayar da na nuna wa motar nan a Garwa, a arewacin Kamaru, shawararsa ɗaya ce: a yanka dashbod a faɗaɗa ramin rediyo, a zura sabuwar na'ura mai allo, a fasa ƙofofi a dasa manyan lasifikoki, sannan a ajiye akwatin bas, mai fitar da ƙasan sauti, a but. Ni kuwa na ce ba mai sa wa motar nan zarto. Peugeot 504 ce mai ƙofa biyu, ƙirar 1976, ta kawuna, wadda ya damƙa mini riƙonta tun da idonsa ya fara rauni.

Da an ce 504 mutanenmu sai su tuna motocin haya da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Wannan 'yar ɗakinsu ce, amma ba irinsu ba. Kamfanin Pininfarina na Turin a Italiya ne ya zana jikinta, aka fara nuna ta a Janiba a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Tamu mai injin V6 ce, lita 2.7, irin wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978, ya kuma ci na Bandama a Kodebuwa a shekarar. Dashbod ɗin irin wannan mota in ka ɓata shi, daga Garwa har Duwala ba ka da inda za ka samo wani. Shi ya sa da aka ba ni labarin wani dattijo Bahaushe a Marwa, wanda ya tsufa a gyaran rediyo, na cika tanki na kama hanya bayan asuba.

Tafiyar kilomita 210 ce ko kusa da haka. Hunturu ne, hazo ya rufe Dutsen Tinguelin sai samansa shimfiɗaɗɗe kake hangowa. Na wuce Pitoa gari bai gama farkawa ba. Daga nan sai tireloli cike da auduga, lokacin ɗaukar kaya ne, ƙyallin farin kaɗa ya maƙale a ƙayoyin bakin titi. Na bar rediyo a kunne da gangan don in tattara ƙorafin da zan kai. In na taka mai, sai wani siririn fito ya taso cikin sautin, yana hawa yana sauka tare da injin. Lasifikokin baya guda biyu, da wani ya fasa musu rami a katakon bayan kujera tun kafin motar ta zo hannun kawu, ɗaya shiru, ɗaya tana zuza kamar ƙudan zuma a cikin gora. In taya ta faɗa rami, murya ta ɗauke, sai wani ramin ya dawo da ita.

A Figuil ƙurar masana'antar siminti ta sa na ɗage gilas. Na wuce Bidzar, inda tsofaffin zane-zanen da mutanen dauri suka bari suke a kan farin dutse, ban tsaya ba. Bayan mararrabar Magada, inda hanyar Kaele da Yagwa ke rabuwa, ƙasa ta buɗe, gonakin dawar rani ta muskuwari kore shar a kan baƙar laka da ta tsattsage. A wani shinge jandarma ya duba takardu, ya zagaya motar a hankali, ya tambaye ni ko ta sayarwa ce. Kafin azahar na shiga inuwar dogonyaron Marwa, na haye gadar Mayo Kaliao, kogin duk yashi, yara na ƙwallo a tsakiyarsa.

Shagon dattijon bai fi ɗaki ɗaya ba. Tsofaffin rediyoyi jere har rufi, teburi ɗaya, fitila, ƙarfen dalma. Bayan gaisuwa ya fito ya leƙa cikin motar, ya daɗe bai ce komai ba. Rediyon Blaupunkt ne mai maɓallin juyi biyu, da madannan zaɓar zangon tasha masu haruffan L, M, K da U, kuma lambobin FM ɗinsa sun tsaya a 104, ba su kai 108 kamar na yanzu ba.

"Ɗana, me kake so ka ji a cikinta?"

Na ce, "Baba, karatu da labarai, da kiɗan kalangu in ina kan doguwar hanya. Ba na neman a ji ni daga layi na uku."

Ya ce to aikin ba mai yawa ba ne, amma sai an bi shi daga tushe. Bai taɓa rediyon ba tukuna. Bonet ya sa na buɗe, ya ɗora mita a kan batir: volt 12.6 in injin na kashe, 14 da 'yan kai in yana kunne, alamar altaneta na caji yadda ya kamata. Daga nan ya bi wayar mas, wadda ke komawa jikin ƙarfen mota, ya same ta ɗaure a kan fenti da tsatsa. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya sake ɗaurewa, ya shafa ɗan girisi. Na tayar da injin, na taka mai, rabin fiton nan ya tafi. Sauran ya ce daga altaneta da wayoyin fulogi yake shigowa, ya sa ƙaramin kwandensa, ɗan abin da ke tace hayaniyar wuta, a bayan altaneta, ya kuma janye wayar eriya nesa da su.

Abin da ya fi burge ni yana bayan rediyon. Da ya zaro shi ya juya, sai ya nuna mini wata zagayayyar kafa mai ƙananan ramuka, toshe da murfi. Masu ƙera shi sun bar ta ne don a jona na'urar kaset. Ta nan za a iya shigar da sauti daga waje ba tare da an huda komai ba. Amma rediyon hanyar sauti ɗaya gare shi, ƙarfinsa kuma 'yan wat kaɗan ne, waɗanda ba za su rinjayi injin V6 da iskar hanya ba. Sai ya raba aikin. Rediyon ya buɗe cikinsa, ya sauya kwandensojin da suka bushe saboda tsufa da zafi, ya wanke maɓallan, ya sake dalma a inda ta tsage, wadda ita ce ke ɗauke murya a rami. Waƙa daga wayar hannu kuwa, ya ɓoye ɗan ƙaramin Bluetooth a akwatin gaban fasinja, ya kai shi ga amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da bai fi tafin hannu biyu ba a ƙarƙashin kujera, da ɗan makunni da ke zaɓar tsakanin rediyo da waya.

Ya aiki yaronsa kasuwa neman wayar wuta, yaron ya dawo da nadi mai kauri mai sheƙi. Baba ya fere bakinta da wuƙa, ya kankara sili ɗaya, sai fari ya bayyana a ƙarƙashin ja.

"Mayar musu. Wannan alminiyon ne aka shafa wa tagulla. Ka ce ni na aiko ka, ta gaske nake so."

Ya bayyana mini cewa irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla, tana kuma karyewa a inda mota ke jijjiga. Da ta gasken ta zo, ya ja ta daga batir kai tsaye, ya sa fiyus tazarar taƙi ɗaya daga kan batirin, ya saka roba a ramin da ta ratsa bangon injin. A kan wannan ba ya wasa ko kaɗan. Waya in ta goge a jikin ƙarfe babu fiyus kusa da batir, gobara ce, kuma a tsohuwar mota mai ƙamshin fetur.

Lasifika ma bai bar ni na bi rubutun kwali ba. Wat ɗari-ɗari da ake bugawa da manyan lambobi ƙarfin ƙiftawar ido ne, abin dubawa shi ne wanda take ɗauka a ɗore. Muka zaɓi masu om 4, biyu dogaye, kowace faɗin inci 6 da tsawon inci 9, suka zauna daidai a tsofaffin ramukan baya, ya lulluɓe su da baƙin yadi har ba ka gane su. Biyu ƙanana ya rataye a ƙarƙashin dashbod da ƙusoshin da ya tarar a wurin. Kowace ya ja mata wayoyinta biyu har amfilifaya, don a tsofaffin motoci akan ɗaure ƙafa ɗaya ta lasifika a jikin mota, kuma hakan na ƙona amfilifaya na zamani. Kafin ya jona, yakan taɓa wayoyin da ɗan batirin tocila ya ga ko takardar lasifikar gaba ta yi ko baya. In ɗaya na turawa ɗaya na ja, ƙasan sautin cinye juna yake yi, kalangu ya koma fayau.

Na kwana a unguwar Domayo a nan Marwa. Washegari na biya shi, kuɗin aikin bai kai na kayan ba, na ƙara masa ya ƙi sai da na haɗa shi da girman kawu.

Gwaji na gaskiya a hanyar dawowa ne. Bayan Salak, wajen filin jirgi, na sa giya ta ƙarshe na kunna kiɗa. Kalangu ya fito da nauyinsa, kana jin lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya murya ta hau, kukuma na gefe ba ta nutse ba. Na taka mai da ƙarfi, ba fito. Ramukan da ke tsakanin Magada da Figuil suka girgiza mu son ransu, sauti bai motsa ba. Da na mayar da makunni kan rediyo, tashar FM ta shigo garau, muryar mai labarai a gabana take, ba daga bayan ƙeya ba.

Yanzu da kunne ya huta, sai na fara jin wani abin da da ya ɓuya: iska na shigowa ta robar ƙofar direba da zarar gudu ya haura kilomita 90 a sa'a. Baba ya riga ya faɗa mini, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, in nemi mai kujerun mota. Na iso Garwa da la'asar, na wuce gidan kawu kai tsaye. Ya shafa dashbod daga wannan gefe zuwa wancan, ya juya maɓallin da hannunsa, sannan ya sa aka ɗauko masa kwalin kasusuwan wa'azi da karatu da ya tara shekaru, ya ce in nemi wanda zai juye su a waya kafin azumi.