Kyandir Uku da Soson Ƙarfe

Na daɗe ina rubuta wa ɗalibaina wannan lissafi a allo: iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 oksijin, agon bai cika kashi ɗaya ba, kabon dayoksaid kuwa wajen 0.04 ce. Su kwafa, su haddace, su zazzage mini a jarrabawa. Bana da hunturu, a makarantar da nake koyarwa a nan Bauchi, na ce bari dai su gani da idonsu.

Na kafa kyandir a faranti, na zuba ruwa, na kunna, na kife kwalba a kai. Wuta ta mutu, ruwa ya hau cikin kwalbar kusan ɗaya bisa biyar. Na ce, "To kun gani, wuta ta cinye oksijin, ruwa ya maye gurbinta." Aji ya ɗau tafi. Ina cikin jin daɗi sai wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga hannu.

"Malam, in aka sa kyandir uku fa?"

Muka sa. Ruwa ya zarce inda ya tsaya ɗazu, nesa ba kusa ba. Kwalba ɗaya, iska ɗaya, ina ƙarin oksijin ya fito? Ƙararrawa ce ta cece ni.

Da dare na zauna na bi abin a tsanake. Ashe zafi ne ke kumbura iskar, wata ta tsere ta bakin kwalba, in ta huce ta tsuke sai ruwa ya shigo. Kyandir ma yakan mutu tun da sauran oksijin mai yawa a ciki. Dace ne kawai ya ba ni ɗaya bisa biyar ɗin farko.

Abin da ya fitar da ni kunya soson ƙarfe ne. Na farko da na ɗauko a kicin ɗin uwargida irin mai ƙyalli ne da ba ya tsatsa, kwana biyu ruwa ko gezau, ga faɗan da na sha a gida. Da na samo mai laushin nan mai saurin tsatsa, na jiƙa shi, na cusa a gindin kwalba, na kife a ruwa. Tsatsa oksijin take ci a hankali, ba wuta ba kumburi. Bayan kwana biyu yarinyar da kanta ta ɗora rula: kwalba santimita 15, ruwa ya hau kusan uku, wato ɗaya bisa biyar, daidai da kason oksijin a iska.

Wannan ya ba ni ƙwarin gwiwar taɓa hawa-hawan sararin sama ma. Muka miƙe igiya a jikin bango, kowane santimita a matsayin kilomita ɗaya. Hawan farko, turofosfiya, a yankinmu na kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, yakan kai kilomita 16, bai cika taƙi ɗaya ba a igiyar. Hadari, ruwan sama, da ƙurar nan da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe mana duwatsun Bauchi, duk a ɗan taƙin nan suke. A nan sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a kowane kilomita, shi ya sa mai zuwa Jos ke ɗaukar rigar sanyi.

Sama da shi sitiratosfiya ce har kilomita 50, inda ozon ke tare mana mugun hasken rana, kuma a can zafi ƙaruwa yake in ana hawa. Sai mesosfiya zuwa wajen 85, mafi sanyi duka, inda tsakuwoyin da muke cewa tauraro ya faɗo suke ƙonewa. Hawa na gaba, tamosfiya, ta fi ƙarfin bangonmu, don tashar 'yan sama jannati da ke kilomita 400 sai an yi mita huɗu.

A kan santimita 100, wato kilomita 100, na ɗaura jan ƙyalle, iyakar da aka saba cewa daga nan an bar duniya. Wani yaro ɗan Gombe ya ƙura wa ƙyallen ido.

"Malam, wato sama ta fi garinmu kusa ke nan?"

Na ce ya je ya tambayi direbobin tashar Gombe kilomita nawa suke yi.