Kuɗin Dako Yana Hanyar Dawowa

Mai masana'antar roba a Sharaɗa, ko mai yin sabulu da biskit a Bompai da Challawa, injinansa ya sani, ba ya son ciwon kan mota. Shi ya sa yake nemanmu. Ina da 'yan motoci, manya da ƙanana, da sito kusa da Kasuwar Singa a Kano. Aikinmu mu yi lodi a bakin kamfani, mu sauke wa diloli a Gusau, Sakkwato, Maiduguri, wani lokaci har Maraɗi ta Jibiya.

Manya irin Ɗangote suna da tirelolinsu. Matsakaicin kamfani kuwa in ya sayi mota, ya ɗauko wa kansa albashin direba da yaron mota da kuɗin kanikanci, ko da kaya ko babu. A wurinmu iya lodi iya biya. Taya ta fashe a Potiskum, namu ne. Ruwa ya jiƙa katan, ko ƙirga ta gaza a wurin saukewa, daga kuɗinmu za a cire. Gaskiyar magana, ba mota kaɗai suke haya ba, har da wanda zai ɗauki asara.

Abin da masu shigowa sana'ar ba sa ganewa da wuri shi ne, kuɗin zuwa kusan duk a hanya yake ƙarewa: gas, 'yan dako, kuɗin ƙungiya, da abin da ake miƙawa a shingaye, wanda ba a ba shi rasit. Riba tana hanyar dawowa. Motar da ta kai biskit Maiduguri ta juyo wayam ta sha mai a banza. Saboda haka tun ba a gama sauke kaya ba nake kan waya da 'yan kamasho, ko akwai wake ko riɗi mai zuwa Dawanau. Sau da yawa na fi son direba ya kwana biyu yana jiran lodi da ya taho da iska. Ɗan kamasho zai ci nasa, to, ya ci. Shi ya san wanda ke da buhu a ƙasa.

Sai batun biya. Gidan mai ba ya ba da bashi, amma kamfani ba ya sakin kuɗi sai wayabil, wato takardar rakiyar kaya, ya dawo da sa hannun dila, sannan a ce ka jira ƙarshen wata. Mai ƙaramin jari a nan yake durƙushewa, alhali aiki bai yanke masa ba.

Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci sun yi layi a Jibiya da Illela da kaya a kai. Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Tun daga nan, duk lodin da zai tsallaka iyaka sai an rubuta mini wanda zai biya kuɗin kwanakin jira kafin in sa a tayar da mota.